Minti Biyar a Gaban Surukina

Samarin da suka gama makarantar koyon jinya yanzu, da an kira su intabiyu na aikin ɗakin tiyata, wurina suke zuwa. Ba aikin suke so in koya musu ba, tambayoyi suke so. Sai ka ga mutum ya zaro waya ya ce, "Malam Lawal, ga tambaya hamsin na samo, duba mini ko an bar wata." Wani ma ba ya ɓoye abin da ke ransa. A ganinsa nas ɗin tiyata ne ya more: ɗaki mai sanyi, mara lafiya yana barci ba ya zagin kowa, likita ya ce almakashi, ka miƙa almakashi, wata ya ƙare. Ni kuwa sai in ce madalla, ajiye wayar ka zauna. Ina da shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemu, na yi intabiyun da ya fi kowane tsayar mini da numfashi, kuma ba a yi mini ko ɗaya daga cikin hamsin ɗin nan ba.

Aikin farko da na tsaya a kansa, a Faskari ne, ƙaba ce ta wani manomi mai jiki. Wanda ya koya mini aiki, Malam Rabe, wani siririn mutum ne mara fara'a, yana tsaye daura da ni. Na wanke hannu, na sa koriyar riga, na sa safar hannu, ina jin kaina kamar ni ne likitan. Ana cikin yanka sai hancina ya yi ƙaiƙayi a ƙarƙashin takunkumi. Ban ma san na kai hannu ba. Abin da na ji kawai shi ne hantsaki a bayan yatsuna, ƙwas, da muryar Malam Rabe: "Hita." Na fita, na sake wankewa daga farko, na dawo an riga an kai ga ɗinki. Ran nan ban miƙa wa kowa komai ba.

To ga dokar, don wanda bai sani ba. Hannu ana wanke shi minti biyar cur, da sabulu da burushi, daga farce zuwa gwiwar hannu, yatsa bayan yatsa. In ka gama, hannun ya tashi daga naka, ya zama na mara lafiya. Za ka riƙe shi a gaban ƙirji, yatsu sama, kamar mai addu'ar da aka hana shi shafawa. Ba ka taɓa fuska, ba ka taɓa hula, ba ka taɓa ƙofa, da baya ko da ƙafa ake tura ta. In ƙuda ya sauka a goshinka, baƙonka ne, sai ya ga dama ya tashi.

Shekara takwas na yi a ƙarƙashin Malam Rabe. A wurinsa na san almakashin nama daban, na zare daban, kuma wanda ya yanka zare da na nama ya nemi rigima. Na san hantsaki mai haƙori da mara haƙori, da ƙananan ƙarafan da ake matse jijiya da su in jini ya ɓalle. Na koyi yadda ake ɗora ƙarfe a tafin likita da ɗan ƙarfi, yadda zai ji ya zo ba sai ya ɗaga ido daga cikin mutum ba. Na koyi ƙirga auduga sau uku, kafin a yanka, kafin a rufe ciki, da kafin a ɗinke fata, kuma in guda ta ɓace ba a rufewa, ko likita zai yi ta tsaki har la'asar. Wata rana mun yi rabin awa muna neman guda, cikin wata mata a buɗe, ashe tana manne a ƙarƙashin takalmin shi mai tsakin.

Daga nan na bar tiyata. Wani likita ya buɗe ƙaramin asibitin kuɗi a wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, kusa da garinmu, ya ɗauke ni. A can ni ne komai: allura, ɗinkin saran fartanya, cizon maciji, ɗaura ruwa. Shekara goma sha shida. Kuma a ƙauye gaisuwa rabin magani ce. Dattijo ba zai gaya maka inda ke masa ciwo ba sai kun gama da gida, da gona, da shanu, da ruwan bana, hannunka a cikin nasa, kowace amsa ka kai hannu ƙirji ka dawo da shi. Na zama gwani a wannan fanni. Hannuna ya kai yadda in ya hangi tsoho daga nesa, shi yake fara tafiya, ni in biyo baya.

Sai shekarar da hanya ta lalace da 'yan bindiga. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk ɗan yankin nan ya san abin da nake nufi. Likita ya fara zuwa sau ɗaya a mako, ya koma sau ɗaya a wata, ran nan ya aiko a kwance masa gadaje. Ƙauyen ma ya watse. Na kwashi mai ɗakina da 'ya'ya biyar muka shiga cikin garin Sabuwa, kuma gidan da ya buɗe mana ƙofa shi ne gidan mahaifinta, Alhaji, wani tsohon ɗan kasuwar hatsi. Ita da yara suka shiga cikin gida. Ni aka ba ni shagon da ke jikin zaure.

Wanda bai taɓa zama a gidan surukinsa ba, Allah ya sa kada ya ɗanɗana. Shekara goma sha tara da aurenmu, ban taɓa haɗa ido da Alhaji ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, balle in kama hannunsa. Daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Yanzu ga ni ina kwana a bakin ƙofarsa, ina cin tuwonsa safe da yamma. In na ji tarinsa daga cikin gida, sai in fice in zagaya bayan masallaci kamar mai wani uzuri. Shi kuwa bai taɓa cewa komai ba, ko da fuska, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Wata goma sha ɗaya muka yi a haka.

Ana nan wani abokin karatuna ya bugo mini waya. Wani matashin likita ya gina sabon asibiti a Kankara, yana neman nas ɗin tiyata guda ɗaya, kuma akwai ɗaki biyu da tsakar gida a bayan asibitin na wanda aka ɗauka. Ni ko albashin ban tambaya ba. Ɗaki biyun nan kawai na ji. Na aika takarduna, aka ce in zo bayan mako biyu.

Na fara shiri irin na kowa. Na zaro tsohon littafina da gara ta ci gefensa, na yi ta hadda. Da rana, in Alhaji ya tafi kasuwa, mai ɗakina takan fito shago mu yi gwaji. Matashin kai ne mara lafiya, mun rufe shi da zane. Faifai ne tire. A kai akwai ludayi, da cokula, da wuƙar albasa, da almakashin ɗinkinta. Ita ce likita, kuma aikin ya karɓe ta fiye da yadda na so.

"Almakashi!"

Na miƙa.

"Ka yi nawa. Da mutum ne da ya tahi. Ludayi!"

"Ke, a hankali mana. Ko na gode ba ki cewa?"

"Kai ka ce mani likita ba shi cewa na gode. Cokali!"

Muna cikin haka ran nan Alhaji ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta. Ya tsaya a bakin shago, ya ga 'yarsa ta ɗaure hanci da ɗankwali tana tsaga matashin kai da wuƙar albasa, ga mijinta da gemu yana miƙa mata ludayi. Ya yi gyaran murya ya wuce. Na yi kwana biyu ban bi ta zaure da rana ba.

Na ga abin nan ba zai kai ni ko'ina ba, sai na hau mota na nufi Yankara, inda Malam Rabe ya koma noma bayan ya ajiye aiki. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar akuya. Tun daga ƙofa na zube, na kama hannunsa da hannu biyu, na tambayi gida, na tambayi gona, na tambayi ƙafarsa mai ciwo. Yana amsawa yana kallon hannuna. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, na zaro littafin, ko dubansa bai yi ba.

"Aje wannan. Karatu ba shi ne ciwonka ba. Tun da ka shigo, sau tara ka kai hannu ƙirji, sau biyu ka gyara hula. Hannun ga ya lalace, Lawali. Ya zama hannun ɗan siyasa."

Ya aika cikin gida aka kankaro baƙin tukunya, ya kwaɓa da man gyaɗa, ya shafe mini hannu biyu har wuyan hannu. Ina sanye da farar riga, wadda na tanada don intabiyu. Ranar kuwa kasuwar Yankara take ci.

"Ɗaga. To, ka wanke hannu ke nan. Mu tahi kasuwa, daga 'yan hatsi har 'yan awaki, mu dawo. Kada ka taɓa komi."

Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne zamanin da ake ciki. A da, in mutum ya shigo kasuwa hannu biyu sama, mahaukaci za a ce. Yanzu ba kai ake kallo ba, bayanka ake leƙawa a ga wa ya taso ka. Mai tumatir ya miƙe ya fara tattara kayansa. Wasu 'yan acaɓa biyu suka tayar da mashin. Sai da Malam Rabe ya riƙa ɗaga sandarsa yana cewa, "Lahiya lau, jama'a, ba kowa! Karatu shike yi!" sannan kasuwa ta zauna, aka koma dariya.

Daga nan masifar ta fara. Rabin mutanen ƙauyen da na yi aiki, ashe nan suka yi gudun hijira. Ga wanda na ɗinke wa ƙafa, ga wanda na yi jinyar mahaifiyarsa, ga limaminmu. Kowa ya taho da hannu a miƙe yana "Malam Lawal, ashe kana duniya!" Na ƙi na farko, na ga fuskarsa ta canza. Na biyu na ba shi gwiwar hannu, ya dube ta kamar na miƙa masa ƙafa. Da liman ya iso, wallahi ban san lokacin da abin ya faru ba.

Muka dawo zaure. Malam Rabe ya zauna ya ce, "Sau nawa ka taɓa?"

"Uku," na ce. "Ko huɗu."

Ya sa sanda ya fara nuna rigata. Shida a ƙirji. Biyu a aljihu. Ɗaya a hula, ɗaya a kunne, hancina kuwa baƙi ƙirin. Yana cikin ƙirga wani ya yi sallama, wai liman ya ce a taimaka masa da sabulu. Na fara dariya, sai na ga shi ba dariya yake ba.

"Kada ka je intabiyun ga," ya ce. "Kashe mutum za ka yi."

"Haba Malam, ai kasuwa ce. A tiyata ba liman."

"Ni taɓawar ba ta dame ni ba. Duk mai hannu shina taɓawa, ni ma na taɓa. Huɗun da ka ce mani ita ta dame ni. Ƙwayar cuta ba ta barin baƙi bisa riga, Lawali. In ka taɓa ka yi shiru, ba wanda zai sani. Bayan kwana biyar ciwo ya ruɓe, a ce kwana ya ƙare. Tashi ka wanke rigarka."

Rigar ba ta fita ba. Da aron riga na tafi Kankara.

Mu bakwai ne a kan benci. Sauran shidan duk na girme su da shekara ashirin ko fiye, kowa da fayil mai sheƙi da waya a hannu yana bitar tambayoyi. Wata yarinya mai ladabi ta matsa mini ta ce, "Baba, zauna nan. Wa ka rako?" Na ce kaina na rako.

Masu intabiyun biyu ne: shi likitan mai asibitin, da wata Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, babbar mace mai tabarau wadda ba ta ɓata magana. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Yaushe rabonka da ɗakin tiyata?"

"Shekara goma sha shida, har da 'yan watanni."

Ta sunkuya ta yi rubutu mai tsawo, wanda ya fi amsar da na bayar tsawo nesa ba kusa ba. Sannan ta ce sauran a aikace za a gani. Kowa za a ba shi minti goma sha biyar a sabon ɗakin tiyatar, wanda ba a fara aiki a cikinsa ba tukuna: ya wanke hannu, ya sa riga da safa, ya jera kayan aikin ƙaba a kan tire. Ni ne na ƙarshe, bayan azahar.

Na shiga, na sa hula da takunkumi, ido kawai ake gani. Na tsaya a famfon da ke kusurwar ɗakin na yi wankin da ko Malam Rabe ba zai samu abin cewa ba. Ina cikin yi aka leƙo aka yi wa likita raɗa, ya fita da sauri. Na gama, na juyo hannu sama, ruwa yana sauka ta gwiwar hannu yadda ake so. Minti biyar sun tafi, saura goma, sun ishe ni.

Sai ƙofa ta buɗe. Likita ya shigo yana cewa, "Bismillah Baba, shigo ka sa mana albarka, ai ba a fara aiki a ciki ba." A bayansa, da babbar riga da carbi, Alhaji ne. Surukina.

Daga baya na ji yadda aka yi. Mai ɗakina ce ta ambaci sunan mahaifin likitan a gabansa, ashe abokin cinikinsa ne na hatsi tun suna samari. Bai gaya wa kowa ba, ya yi asubanci ya biyo ni tun daga Sabuwa, a kan wannan hanya, don ya sa baki a ɗauke ni.

Matiron ta ɗaure fuska da ganin takalmin waje a ɗakinta, amma dattijo dattijo ne, ta juya ta nufi kusurwa ta jawo masa kujera. Likita ya juya bango yana neman makunnin babbar fitila don ya nuna masa. Alhaji ya waiga ya ga wani mutum tsaye da koren kaya, fuska a rufe, hannu sama. Bai gane ni ba. Ya ɗauka wani babban likita ne aka ɗauko daga birni. Ya tako da fara'ar da ban taɓa sanin yana da ita ba, ya miƙo hannu.

"Sannu da aiki, likita."

Baƙin tukunya, da man gyaɗa, da kasuwar Yankara, duk suka tashi a banza. Gwiwata ta lanƙwashe da kanta, hannuna biyu suka kama nasa, bakina ya ce, "Baba, ina wuni."

Ya ji muryar. Ya zare hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ni ma na miƙe, na mayar da hannu sama. Duk abin bai kai ƙiftawar ido uku ba. Fitila ta kama, likita ya juyo yana murmushi, Matiron ta ajiye kujera, Alhaji ya zauna. Matiron ta dubi agogo, ta yage takardar tawul mai tsabta ta miƙo.

"Ka shirya? Goge hannu ka sa riga."

Hannuna yana nan tas, ba ɗigon komai. Ni da Alhaji kaɗai muka sani, shi kuwa bai ma san akwai abin sani ba. In na karɓi tawul ɗin nan, minti goma sun ishe ni in jera tire yadda yaran nan ba su taɓa gani ba. In na yi magana, biyar za su sake tafiya a famfo, ga riga, ga safa, ba zan gama ba. Kuma maganar da zan yi, a gaban wa zan yi ta? Tsoro na ji, tsoro sosai.

"Matiron, hannuna ya ɓaci."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Da me?"

Na so ta bar shi a nan. Ba ta bari ba.

"Na gaisa da Alhaji."

"To me za ka yi?"

"In sake daga farko."

"Agogo ba ya tsayawa," ta ce. "Bismillah."

Na koma famfo. Tsakanina da kujerar Alhaji bai fi taku huɗu ba. Na ɗauki burushi na fara da farcen babban yatsa na hannun dama, wanda ya fara taɓa shi. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar burushi, kar kar kar. Mutumin da ya ciyar da ni wata goma sha ɗaya, ya taso tun asuba don ya taimake ni, ya miƙo mini hannu karo na farko cikin shekara goma sha tara, ga ni ina kankare hannun nan da sabulu a gaban idonsa, yatsa bayan yatsa. Na saci kallonsa sau ɗaya. Ya buɗe tafinsa yana dubawa, ya juya bayan hannun ya duba, ya kai hanci ya shinshina. Likita ya fara yi masa bayanin fitila da murya mai ƙarfi. Alhaji bai ɗaga kai ba.

Ban rage ko daƙiƙa ba, tunda dai an riga an mutu. Na sa riga, na sa safa, na ɗora wuƙa da hantsaki biyu da almakashi ɗaya, Matiron ta ce, "Lokaci." Tiren ko rabi bai kai ba. Ta ce za a neme mu.

Mota ɗaya muka shiga da Alhaji, don ita ce ta ƙarshe. Shi a gaba, ni a can baya tsakanin buhun barkono da wani mai kaji. Har Funtua bai waiwayo ba. Da aka tsaya sallar la'asar, ya gama alwala, ya ga ina tsaye ina jiran buta. Ya miƙo mini tasa, na kai hannu, sai ya janye.

"Au, na manta. Na taɓa ta."

Ya ajiye ta a ƙasa ya shiga masallaci.

A gida labari ya riga ni shiga ciki. Mai ɗakina ta fito shago, ko sannu da zuwa babu.

"Hannun Babana ka wanke? Da burushi?"

"Nawa na wanke."

"Minti biyar, in ji shi. Ya ce ko wanda ya taɓa mushe ba shi yin haka. Yanzu ina za mu zamna? Aikin ma ka samu?"

"Ban gama tiren ba."

Ta kwashe ludayinta da cokulanta daga shagon ta shige.

Kwana tara na yi ina fita kafin Alhaji ya fito, ina dawowa bayan ya shiga. Tuwo bai fasa zuwa ba, kuma ban taɓa jin tuwo mai wuyar haɗiya irin na kwanakin nan ba. A rana ta goma da hantsi waya ta yi ƙara. Matiron ce.

"Malam Lawal, ka zo ranar Litinin. Hannunka ya yi nauyi, tirenka abin kunya ne, amma wannan mako biyu ya isa in gyara shi."

Na ce, "Hajiya, ai ban gama ba."

"Na sani. Akwai kabad mai gilashi a kusurwar da na ɗauko kujera. A cikin gilashin na ga durƙuson, na ga hannu biyun. Tawul ɗin da na miƙa maka, jira nake in ji. Uku daga cikin yaran nan sun gyara takunkumi da hannun da suka wanke, sun jera tire mai kyau, ba wanda ya ce uffan. Kuma ka gaya wa surukinka, in zai sake zuwa, a waje ake barin takalmi."

Wannan saƙon dai har yau ban isar ba.

Ranar da za mu tashi, an gama ɗaure kaya a akori-kura, yara sun hau, mai ɗakina tana ciki tana sallama da mata. Alhaji yana zaune shi kaɗai a zaure. Ba makawa. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa, na yi godiya, na fara neman gafara kan abin da ya faru a Kankara. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Matso."

Na matsa kaɗan.

"Na ji haushi, ba ni ɓoye maka. Kwana uku ina jin haushi. A na huɗu sai na tuna wani abu." Ya ja carbi. "Uwar matarka, aiki aka yi mata wurin haihuwar ƙanenta. An yi lahiya, ta tashi, har ta sha kunu. Akwai wani ma'aikaci da ke wanke mata ciwon kullum da sahe. Yaron kirki. Kahin ya shiga sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a baranda, mu goma, mu sha biyu, kowa ya ba shi hannu, ya tambayi gida. Daga nan ya wuce ciki ya buɗe ciwon. Mu kau muna ta yabon ladabinshi. Har goro na ba shi."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Kwana na shida ciwon ya hwara wari. Na tara muka kai ta. Ban ce shi ne ba, kwana ne ya ƙare. Shekara talatin da biyar ban taɓa kawo hannun yaron ga a raina ba, sai da na zamna bisa kujerar nan ina kallonka." Ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko. "Abin da ka yi mani, ka yi ma kowa. Ko wane ne. Ka jiya?"

"Na ji, Baba."

"Ita ɗiyar tawa shekararta huɗu lokacin. Zazzaɓi aka ce mata ya ɗauke uwar tata." Ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a mai tsawo, muka shafa. "Tashi ku tahi, rana na yi."

Sai da muka wuce Dandume mai ɗakina ta juyo, da ƙaramar 'yarmu tana barci a cinyarta, ta ce ta ga na daɗe a zaure, me Baba ya ce mini?

Na ce addu'a ya yi mana.